Gwanin da Ƙarin Girma ke Tsallakewa

A kusan kowace ma'aikata mai matakan muƙami, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, akwai wani rukuni na shugabanni da ke tsakiyar tsani, waɗanda suke da mutane a ƙarƙashinsu kuma suke da wasu a samansu, kamar shugaban sashe a kamfani, da mataimakin shugaban makaranta, da babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin majinyata, da manajan reshen banki. A cikin wannan rukuni ne ake yawan samun mutumin da kowa ya yarda cewa shi ke riƙe da wurin, wanda ake nema idan al'amura sun cakuɗe, amma idan lokacin ƙarin girma ya zo sai a tsallake shi a ɗauki wani, shekara ta bi shekara, har ya fara zargin kansa ko ya koma zargin kowa. Tambayar da wannan hali ke tayarwa ta kasu biyu, wato me ya sa ƙwazo shi kaɗai ba ya kai mutum inda ya cancanta, sannan me ya rage a hannun wanda abin ya shafa da zai yi wa kansa ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Masana harkar gudanarwa da na tattalin arziki sun daɗe suna bibiyar batun, kuma abin da suka tattara ya isa ya nuna cewa matsalar tana da dalilai sanannu da ke maimaita kansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ta wuce a jingina ta ga rashin sa'a ko ga ƙiyayyar mutum guda.

Dalili na farko yana cikin yanayin aikin shugabanci shi kansa. Mai sayar da kaya ana iya ƙirga abin da ya sayar, direba ana iya ƙirga tafiyar da ya yi, amma nasarar shugaba tana bayyana ne a hannun wasu, kuma mafi yawanta tana cikin ɓarnar da ba ta auku ba. Babbar ma'aikaciyar jinya da ke zama da biro da takarda a ƙarshen kowane wata tana tsara jadawalin aiki yadda babu daren da zai wuce ba tare da ƙwararriya ɗaya a ɗakin ba, wadda ke leƙa tukunyar iskar numfashi ranar Alhamis don kada ta ƙare a daren Asabar, wadda ke sasanta ma'aikata biyu a bayan ƙofa kafin saɓaninsu ya kai ofishin shugaban asibiti, ta yi aikin da ba ya barin sawu a kowane fayil, domin babu wanda ke rubuta rahoto a kan abin da bai faru ba. Takwararta da ɗakinta ke yawan shiga rikici ita ce shugabanni ke gani tana kai da kawo tana kashe wuta, ita ce ake kira taron gaggawa, kuma sunanta ne ke zama a bakin manya. Ta haka ne kyakkyawan tsari kan ɓoye mai shi.

Ɗaya daga cikin binciken da suka fi fito da wannan saɓani da alƙaluma shi ne wanda Fred Luthans na Jami'ar Nebraska da ke Amurka da abokan aikinsa suka wallafa a 1988, bayan sun bi diddigin yadda manajoji fiye da 400 ke tafiyar da lokutansu na aiki. Sun auna manajojin da ma'auni biyu daban. Na farko shi ne saurin hawa, wato girman muƙamin da mutum ya kai idan aka kwatanta da shekarun da ya yi a wurin, na biyu kuma shi ne nagarta, wadda suka auna da yawa da ingancin aikin da sashen mutum ke fitarwa, haɗe da gamsuwar waɗanda ke ƙarƙashinsa da jajircewarsu. Sun gano cewa masu saurin hawa suna ba da kusan kashi 48 cikin 100 na lokacinsu ga ƙulla hulɗa, wato cuɗanya da mutane, da siyasar ofis, da mu'amala da na waje, alhali kula da ma'aikata ba ya samun fiye da kashi 11. A wajen nagartattun manajoji lissafin ya juye, domin hulɗa ce ke samun kashi 11, yayin da sadarwa ta yau da kullum, irin su isar da bayani da sarrafa takardu, ke ɗaukar kashi 44, kula da ma'aikata kuma kashi 26. 'Yan kaɗan ne ƙwarai suka haɗa biyun. Ma'anar wannan sakamako tana da nauyi, domin tana nuna cewa ayyukan da ke sa sashe ya tsaya da ƙafafunsa da ayyukan da ke sa a tuna da mutum a sama suna gasar sa'o'i guda ne a yini guda, kuma wanda ya ba aiki dukkan lokacinsa ya riga ya zaɓa ba tare da ya san ya yi zaɓi ba.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙara tabbatar da ƙarfin ganin ido. A wani gwaji da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokansa suka yi a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2015, an bar wasu ma'aikatan sashen amsa waya su yi aiki daga gida tsawon wata 9, sai ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma idan aka kwatanta su da masu irin ƙwazonsu da suka zauna a ofis, damarsu ta samun ƙarin girma ta ragu. Zoë Cullen da Ricardo Perez-Truglia kuma sun nazarci wani babban banki a nahiyar Asiya, inda suka nuna a 2023 cewa ma'aikacin da ke shan taba, idan aka kawo masa manaja mai shan taba, yakan samu ƙarin lokacin hira da shi a wajen hutu kuma yakan hau da sauri fiye da takwarorinsa, ba tare da wata alama ta cewa aikinsa ya ƙaru ba. Abin da ke aiki a nan shi ne sabo, kuma ba lallai ne manajan ya ƙudurta son kai ba, illa dai zuciya takan amince da fuskar da ta saba gani.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan ɗaci, wanda masana ke kira ɓoye gwani, wato shugaba ya ƙi barin mafi ƙwazon mutanensa su ci gaba saboda tafiyarsu za ta rage masa ƙarfin sashensa. Ingrid Haegele, masaniyar tattalin arziki a Jamus, ta yi nazarin wani babban kamfanin ƙere-ƙere na ƙasar, ta lura cewa a daidai lokacin da manaja ke shirin barin sashe zuwa wani muƙami, lokacin da ba shi da sauran amfanin riƙe kowa, neman ƙarin girma daga mutanensa yakan ƙaru sosai, kuma waɗanda suka samu hawa ta wannan kafa sukan yi aiki mai kyau a sabon matsayinsu. Wannan yana nufin cewa sun cancanta tun da farko, abin da ya tare su shi ne mutumin da ya fi kowa sanin darajarsu. Kalmar yabo da ake yawan faɗa wa irin wannan ma'aikaci, cewa wurin ba zai tafi ba idan babu shi, takan zama igiyar da ta ɗaure shi, kuma shugaban da bai horar da wanda zai gaje shi ba yana taimakawa wajen ƙara ɗaure kansa.

Sai kuma batun ayyukan da ma'aikata ke buƙata amma ba sa kai mai yin su ko'ina, irin su rubuta bayanin taro, da zama a kwamitin walwala, da koya wa sababbin ma'aikata hanya, da shirya liyafar bankwana. Linda Babcock ta Jami'ar Carnegie Mellon da Lise Vesterlund ta Jami'ar Pittsburgh da abokansu sun nuna a 2017 cewa irin waɗannan ayyuka ba a raba su daidai, domin an fi roƙon mata su ɗauka, kuma idan aka roƙa, mata kan amsa a kashi 76 cikin 100 na lokuta, maza kuma a kashi 51. A wani nazari na ma'aikata kusan 30,000 masu bin layin manaja a wani babban kamfanin shaguna na Arewacin Amurka, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue sun gano cewa mata sun fi maza samun maki a aikin da aka riga aka gani, amma sun fi su ƙarancin maki a hasashen abin da za su iya a gaba, alhali wannan hasashe ne ke da nauyi wajen ƙarin girma, kuma da aka bi su daga baya sai matan suka zarce mazan da aka ba maki ɗaya da su. Hasashe ma'auni ne mai laushi da ba shi da hujja a takarda, don haka kowane irin zato yana samun wurin zama a cikinsa.

Duk waɗannan dalilai suna haɗuwa a wuri guda, wato ɗakin da ake yanke shawara. Mutum biyar ko shida ne ke zaune a kewayen tebur da tarin fayiloli da jerin sunayen da suka fi guraben da ake da su yawa, lokaci kuma ƙanƙane ne. Idan aka karanto suna, sai a ɗan yi shiru ana jiran wanda zai ce wani abu. Idan wani ya gyara zama ya ce ya san wannan mutum, shi ne ya daidaita reshen da ya kusa durƙushewa, kuma yana iya tsaya masa, sai biro ya motsa. Idan babu wanda ya tanka, sai a ce a ajiye shi zuwa zagaye na gaba, a juya shafi. Mai sunan ba ya ɗakin, ba zai taɓa jin yadda aka yi ba, kuma shekarun da ya yi yana gumi sun taƙaita ga abu biyu, abin da ke rubuce a fayil da abin da wani ya yarda ya furta. Saboda haka shawarar nan da iyaye da malamai ke ba matasa da kyakkyawar niyya, cewa su sunkuyar da kai su yi aiki, aikin zai yi magana, rabin gaskiya ce kawai, domin a wannan ɗaki takarda da mutane ne ke magana.

A nan ne Bahaushen da aka yi wa tarbiyyar gida ke samun kansa cikin tsaka mai wuya. An raine shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma kunya da haƙuri da ladabi suna cikin siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na 1974. Sai dai al'adar da ta hana mutum yabon kansa ba ta bar shi a ɓoye ba, domin ta tanadi wasu bakuna da za su yi masa. Maroƙi da sanƙira suna shelanta asali da bajinta a bainar jama'a, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ubangida yana gabatar da yaronsa a gaban manya, kuma a gari ko unguwa kowa ya san wanda ya iya noma da wanda ya iya sulhu saboda ana ganin juna kullum. Ma'aikatar zamani ta karɓi mutumin da kunyarsa, amma ba ta zo da waɗancan bakuna ba, kuma mai yanke hukunci a kansa yana iya kasancewa a hedikwatar da ke wani birni bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya ɗauki rabin tsarin ya bar rabi zai ga kawaicinsa ana karanta shi a matsayin rashin buri ko gamsuwa da inda yake.

Ga Musulmi akwai kuma damuwa ta addini da bai kamata a raina ta ba, domin hadisin Abdurrahman bin Samura da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi hani ga neman shugabanci. Amma malaman tafsiri, ciki har da Alƙurɗubi, sun tattauna wannan hani tare da aya ta 55 ta Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar yana mai ambaton siffofin da suka sa ya dace da aikin, kuma sun fitar da cewa ya halatta mutum ya bayyana abin da ya iya idan ba a san shi ba, yana da gaskiya a abin da ya faɗa, kuma akwai maslahar jama'a a ciki. Abin zargi shi ne kwaɗayin kujera don kanta. Wannan rarrabewa tana da amfani har ga wanda ba ta fuskar addini yake kallon batun ba, domin ta raba yabon kai, wanda ke ƙoƙarin ƙara wa mutum girma a idon mutane, da bayar da rahoto, wanda ke sanar da mai alhakin yanke hukunci abin da yake buƙatar sani don ya yi adalci.

Tsaya wa kai a wurin aiki, idan aka fahimce shi a matsayin rahoto, yana farawa ne da rubutu tun kafin a kai ga magana. Shugaban sashe yana buƙatar littafi ko fayil a kwamfuta da zai riƙa shigar da abin da aka cim ma a lokacin da aka cim ma shi, da kwanan wata, da yadda al'amarin yake kafin a sa hannu da yadda ya koma, domin ƙwaƙwalwar ƙarshen shekara ba ta riƙe komai sai na watanni biyun ƙarshe. Ɓarnar da aka kauce wa ita ma tana buƙatar a rubuta ta da sunanta, tare da abin da za ta ci da ta faru, tun da ita ce kason da ya fi ɓacewa. Daga wannan littafi ne ake ciro taƙaitaccen bayani da ake aika wa na sama a kai a kai, ba sai an tambaya ba, cikin harshen abin da ya dame su, ko kuɗi ne, ko lokaci, ko koken jama'a. Shugaba yana da wata dama da ƙaramin ma'aikaci ba shi da ita, domin yana iya ambaton mutanensa da sunayensu, ya ce wance ce ta gano kuskuren, wane ne ya kwana a kan gyaran, kuma duk mai hankalin da ya karanta zai gane wanda ya tsara sashen da irin wannan aiki ke fitowa daga cikinsa. Wannan hanya ta dace da kunya, tana sauke haƙƙin na ƙasa, kuma tana hana aukuwar abin da Hausawa ke kira kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Bayan rubutu sai furuci, kuma a nan ne da yawa ke tsayawa. Manya da dama ba su san cewa wanda ke ƙarƙashinsu yana son ci gaba ba, saboda bai taɓa faɗa ba, kuma sun ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Zama na musamman da maigidan aiki, wanda aka nemi lokacinsa tun da wuri, watanni kafin a fara tattara sunaye, ya fi ƙorafi bayan jerin ya fito. A irin wannan zama ma'aikaci yana iya buɗewa da gaisuwa da ranka ya daɗe kamar yadda aka saba, sannan ya faɗi a fili matsayin da yake fata, ya tambayi abubuwan da ake dubawa kafin a ba mutum shi, da wanne ne a ciki ake ganin bai cika ba tukuna, da wane aiki za a iya damƙa masa da zai nuna ko ya cika. Amsar da za ta fito tana da daraja ko da ba mai daɗi ba ce. Idan an ambaci gibi na gaskiya, ya samu abin gyarawa, idan kuma amsar ta zama ta a ci gaba da haƙuri ba tare da wani sharaɗi da za a iya aunawa ba, kuma ta maimaitu a shekara ta biyu, to ya fahimci cewa ƙofar ba a hannun ƙwazonsa take ba.

Adalci ne a faɗi cewa wannan shawara ba ta yi wa kowa aiki daidai. Laurie Rudman ta nuna tun 1998 cewa macen da ta bayyana ƙwarewarta kai tsaye ana yarda ta iya, amma ana rage sonta, kuma Hannah Riley Bowles ta Jami'ar Harvard da abokanta sun gano a 2007 cewa masu tantancewa sun fi ƙin yin aiki da macen da ta nemi ƙarin albashi fiye da namijin da ya furta kalmomi iri ɗaya. Christine Exley da Judd Kessler kuma sun nuna a 2022 cewa mata kan siffanta ƙwazonsu a jarrabawa ƙasa da yadda maza masu maki ɗaya da su ke siffanta nasu, ko bayan an gaya wa kowa makinsa. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, za a ga cewa shirun wasu karatu ne na gaskiya da suka yi wa muhallinsu, sun ga abin da ke samun wadda ta ɗaga murya. Aikin da Bowles da Babcock suka yi daga baya ya nuna cewa ɗaura buƙata a kan amfanin ma'aikata da nuna kula da dangantaka yana rage wannan hukunci, amma ragewa ce kawai, kuma zalunci ne a ɗora wa wanda ake tauyewa dukkan nauyin gyaran tsarin da ba shi ya gina ba.

Wannan iyaka ce ta sa neman mai tsayawa ya fi neman kalmomin da suka dace muhimmanci. Masana sun raba mutum biyu da ake yawan haɗawa. Mai nusarwa shi ne wanda ke zama da mutum yana ba shi shawara, yana nuna masa kurakuransa, yana kwantar masa da hankali, mai tsayawa kuwa shi ne babban da ke ambaton sunan mutum a inda ba ya nan, ya sa nasa mutuncin a matsayin jingina, ya nema masa aikin da zai fito da shi. Herminia Ibarra da Nancy Carter da Christine Silva sun bayyana a mujallar Harvard Business Review a 2010 cewa mata masu digirin gudanar da kasuwanci da suka nazarta ba su rasa masu ba su shawara ba, har ma sun fi maza samu, amma masu nusar da mazan sun fi girman muƙami kuma sun fi tsaya musu, shi ya sa mazan suka fi hawa. Mai tsayawa ba a samunsa da roƙo, domin abin da zai kashe sunansa ne, kuma ba zai kashe shi a kan wanda bai ga aikinsa da idonsa ba. Hanyar samunsa ita ce karɓar aikin da ya ratsa sassa, wanda manya daga wasu ɓangarori za su ga yadda aka tafiyar da shi, da cika alkawari a ƙananan abubuwa, da sanar da shi a fili inda ake son zuwa.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ji ƙamshin abin da ya sani a nan, kuma yana da dalilin yin taka-tsantsan, domin ya ga yadda ɗaurin gindi da sanayya ke cusa marasa cancanta a kujeru, har karin maganar mai uwa a gindin murhu ta zama bayanin yadda ake rabon muƙamai. Bambancin yana cikin abin da ake musaya. Tsayawa ta gaskiya shaida ce a kan aikin da aka gani, ana iya faɗinta a gaban kowa, kuma ladan mai yin ta shi ne wanda ya tsaya wa ya fitar da shi kunya. Ɗaurin gindi kuwa yana neman biyayya ga mutum ko da ta saɓa wa aiki, yana son sirri, kuma yakan zo da bashin da za a nemi biya ranar da ake son a sa hannu a takardar da bai kamata ba. Ko tsayawa ta gaskiya ma tana da haɗari idan ta rataya a wuyan mutum ɗaya, domin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, duk wanda aka sani da yaronsa yakan shiga sanyi.

Shi ya sa faɗin hulɗa ya fi dogaro da babba guda. Mark Granovetter ya nuna a farkon shekarun 1970, daga nazarin ƙwararru da manajoji a garin Newton kusa da Boston, cewa waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani sun fi samunsa daga mutanen da ba su cika haɗuwa da su ba, saboda na kusa sun san abin da mutum ya riga ya sani, na nesa ne ke kawo sabon labari. Tarihin Katalin Karikó ya nuna cewa tallafi yana iya zuwa daga gefe har ma daga ƙasa. Wannan masaniya 'yar asalin Hangari ta shiga Jami'ar Pennsylvania a 1989, an rage mata matsayi a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike a kan sinadarin mRNA, kuma da likitan zuciya Elliot Barnathan da take aiki tare da shi ya bar jami'ar, David Langer, wanda a lokacin likita ne mai neman ƙwarewa, shi ya nema mata wurin zama a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Haɗuwarta da wani abokin aiki, Drew Weissman, ta haifar da binciken 2005 da ya share fagen rigakafin korona, Karikó ta koma kamfanin BioNTech na Jamus a 2013, kuma su biyun sun karɓi kyautar Nobel a 2023. Waɗanda suka riƙe ta a shekarun wahala abokan aiki ne da suka ga abin da take yi a kusa. Ga shugaban sashe na yau, irin wannan tallafi yana cikin takwarorinsa na wasu sassa, da ƙungiyar masu sana'arsa, da tsofaffin mutanensa da suka ci gaba a wasu wurare suna ambatonsa da alheri.

A aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya batun yana da wata fuska, domin ƙa'idojin aiki sun gindaya mafi ƙarancin shekarun da za a yi a kan mataki kafin a cancanci hawa, shekara 2 ga masu mataki na 06 zuwa ƙasa, 3 ga na 07 zuwa 14, da 4 ga na 15 zuwa 17, sannan ga jarrabawa, ga rahoton shekara, ga sharaɗin samuwar gurbi. Wannan tsari yana kare ma'aikaci daga son zuciyar mutum ɗaya, amma koken da aka daɗe ana yi a kan fom ɗin rahoton shekara da aka sani da APER shi ne kusan kowa yana fita da babban maki, ta yadda gwani da malalaci ba sa bambanta a takarda, abin da ya sa ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ya ɗauki hanyar maye gurbinsa da tsarin auna aiki bisa manufofin da aka amince da su tun farkon shekara. A irin wannan muhalli, abin da ake tsallake mutum a kansa sau da yawa shi ne wurin da aka tura shi, da kwas ɗin da aka zaɓe shi, da kujerar da aka ba shi riƙon ƙwarya ba tare da takarda ba. Jami'in da aka ce ya riƙe ofis yana da haƙƙin ya nemi a rubuta masa, ya tabbatar kwafin ya shiga fayil ɗinsa, domin riƙon da ba a rubuta ba nauyi ne da babu wanda zai tuna da shi.

Akwai lokacin da duk wannan ba ya isa. Albert Hirschman ya bayyana a 1970 cewa wanda bai gamsu da wata ƙungiya ba yana tsakanin ɗaga murya da ficewa, kuma biyayya ce ke jinkirta ficewar. Nagartaccen shugaba yakan fi kowa jinkiri, saboda yana tunanin mutanen da zai bari, kuma a ƙasar da aiki ke da wuyar samu da iyali masu yawa a wuya, ba a ba kowa shawarar ajiye aiki da wasa. Amma neman canji zuwa wani sashe, ko amsa tallar gurbi a wata ma'aikata don a san darajar kai a kasuwa, ba cin amana ba ne, kuma ya fi abin da ke faruwa ga wanda ya zauna da ciwon a ciki har ya daina ba da shawara a taro, ya koma yin iya abin da aka ce kawai. Ma'aikatar ce ke asara mafi girma a nan, kuma waɗanda ke ƙasa suna kallo suna koyon abin da ake sakawa a kansa.

Saboda haka kira na ƙarshe yana kan masu zama a wancan tebur, daraktoci da manyan sakatarori da masu kamfanoni. Su buɗe guraben ƙarin girma kowa ya gani ya nema ba sai da izinin maigidansa ba, su riƙa juya ayyukan kwamiti da rubutun taro a tsakanin kowa, su nemi hujja a rubuce duk lokacin da aka ce wani bai kai ba tukuna, kuma su sanya yawan mutanen da manaja ya horar suka ci gaba cikin abin da ake auna shi da shi. Kafin zama na gaba, kowannensu ya tambayi masinja da akawu da ƙananan ma'aikata wane ne ake bugawa waya idan abu ya lalace da dare, sannan ya duba ko sunan yana cikin jerin da ke gabansa.